Sanarwa: tsofaffin littattafan yara a hutun Ista

Ƴan uwa, barkanmu da warhaka. Tunda ranar Litinin ta Ista babu aiki, muna so mu hallara bayan azahar a inda muka saba, kowa ya zo da tsohon littafin yara da ke gidansa, mu zauna mu duba tare da ƴaƴanmu.

Ku leƙa ƙasan akwatin iyaye, can suke. Na Hausa da aka buga a Kamfanin Gaskiya na Zariya su muka fi nema, masu zanen baƙi da fari ɗin nan da takardarsu ta riga ta yi ja. Na Turanci ma a kawo. Wata ƴar uwa ta ce za ta zo da littafin zomo na marubuciyar nan ƴar Ingila, Beatrix Potter, wanda aka fara fitarwa kasuwa a Landan a 1902. Ku dubi zanen da kyau: fentin ruwa ne, da hannu marubuciyar ta yi shi, zomo sanye da shuɗiyar riga, kowane gashi a wurinsa. Ni dai a ganina zanen kwamfuta bai kamo ƙafarsa ba. Mai tsohon katin gaisuwar Ista na ƙwai da zomo, al'adar da ta samo asali daga Jamus, shi ma ya taho da shi.

Don Allah kada a liƙe yagaggen shafi da salatif, yana cin takarda. A saka littafin a ambulan kawai, ga damina na matsowa. Wanda zai zo ya rubuta sunansa a nan kafin ranar Alhamis, domin mu san yawan tabarmi.