A daina ɗora wa ƴan baya laifi, a duba mai lamba shida

Malam Edita, assalamu alaikum, ya aiki ya haƙuri da mu.

Daga Damagaram nake rubuto maka, kuma abin da ya sa na zauna nake buga wannan wasiƙa wata gardama ce da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a fadarmu nan Garin Malam, yau kusan sati biyu kenan, shayi ya sha hucewa a kanta. Wai wa ya fi amfani wajen tsare gida a ƙwallo, ƴan baya na tsakiya wato lamba huɗu da biyar, ko wanda ke tsaye gabansu yana tare hanya, mai lamba shida? Yawancin abokaina sun ce ƴan baya, kuma na lura masu sharhin wasanni ma can suka fi karkata, da an ci kulob sai ka ji an ce ai bayansu ruɓaɓɓe ne a sayo sabon difenda. Ni wallahi ban yarda ba, kuma ba don son gardama ba, na buga lamba biyar shekara da shekaru a filin ƙasa, yanzu kuma ni ke horar da yaran unguwa da yamma, na san abin da nake faɗa a jikina.

Ɗan baya aikinsa na ƙarshe ne. In har ƙwallo ta iso gare shi mai kai hari ya riga ya juyo ya fuskance shi yana gudu da ita, to ruwa ya riga ya ƙare wa ɗan kada, ko ya ja da baya har cikin gidansa ko ya kai ƙafa a yanke shi ko ya yi keta a ba shi kati. Amma in akwai wani a gabansa da ya matsa wa mai ba da fasin, ya hana shi ɗaga kai, ƙwallon da za ta zo a karkace za ta zo, ko yaro ɗan shekara sha biyar ya iya cire ta. Nan ne duk maganar take, mai kallo a tele ba ya gani don kamara tana bin ƙwallo ne, ba ta bin wanda ya toshe hanyar da ƙwallon ta so bi.

Ga Leicester nan. A kakar 2015 zuwa 2016 suka ci kofin Ingila da Wes Morgan da Robert Huth a baya, manyan mutane masu ƙarfi amma ba masu gudu ba, duk duniya ta yi ta yabonsu. Aka sayar da N'Golo Kante, ɗan tsakiyar da ke tare musu hanya, ga Chelsea, Morgan na nan Huth na nan mai tsaron raga Schmeichel na nan, me ya faru? Sun ƙare na 12, kocin da ya ci musu kofin ma Ranieri sai da aka sallame shi a watan Fabrairu 2017, shi kuwa Kante ya je Chelsea ya sake ɗaga kofin a shekarar. Mutum ɗaya fa aka zare.

Kafin nan an yi na Makelele, shi ma mai irin wannan aikin, wanda dattawan gidan kallo ba za su manta ba. Real Madrid ta sake shi a 2003 ta kawo Beckham, ga Zidane ga Ronaldo ga Figo ga Raul, amma ba su ƙara ganin kofin La Liga ba sai 2007. Chelsea ɗin da ya koma kuwa a kakar 2004 zuwa 2005 ƙwallo 15 kacal aka zura musu cikin wasa 38, har yau ana kiran sunan Terry da Carvalho da Cech kuma sun cancanta, amma wa ke share musu ƙofar gida? Na baya-bayan nan kuma Rodri, mai tare wa Manchester City tsakiya, ya ji rauni a gwiwa a wasan Arsenal a watan Satumba 2024, ba a jima ba Manchester City da ta ci kofi huɗu a jere ta sha kashi sau biyar a jere, na san akwai ƴan bayansu da su ma suka yi jinya lokacin amma duk wanda ya kalli wasannin ya ga yadda ake ratsa tsakiyarsu kamar an buɗe ƙofar kasuwar Dole ranar Alhamis.

Abokaina hujjarsu ɗan baya Van Dijk, wai Liverpool ta biya fam miliyan 75 a Janairu 2018 sai ga kofin zakarun Turai a 2019 ga na Ingila a 2020. Gaskiya ne ban musa ba, mutumin gwani ne. Sai dai su tuna a shekarar nan ta 2018 aka kawo Fabinho mai aikin lamba shida aka kawo Alisson mai tsaron raga, kuma ƴan gaban Klopp su Mane da Firmino tun daga can sama suke fara farautar ƙwallo. Haka Maroko a kofin duniya na 2022, har suka kai wasan kusa da na ƙarshe ƙwallo ɗaya tak ta shiga ragarsu, ita ma nasu ne ya ci gida a wasan Kanada, kuma duk wanda ya kalla ya san gumin Sofyan Amrabat mai tare musu tsakiya ne a ciki.

Wani ɗan ƙanena da ke bin ƙwallon Amurka a waya, wadda ake sa hular kwano ana rungumar ƙwallon, ya ce min su ma gardamarsu kenan, ƙartin layin gaba da ke afka wa mai jefa ƙwallo ko masu gudun da ke baya suna gadin masu cafewa. Ya nuna min wasan ƙarshe na Super Bowl na Fabrairu 2025, Philadelphia ta doke Kansas City 40 da 22, sau shida suka kayar da Mahomes, mai jefa wa Kansas City ƙwallo, kafin ya jefa. Dokokin wasan daban ne amma da na gani na ce ai maganata ce, in ka hana mai bayarwa sukuni na baya ya huta.

Abin da ya fi damuna Malam Edita ba Turai ba ne, yaranmu ne. Duk yaron da ya zo fili so yake ya zama lamba tara ko goma, in ya ga yana da tsawo da ƙashi ya yarda ya tsaya baya, amma lamba shida ba mai so don ba a tafa masa, ba a kiran sunansa, in an ci wasa ba shi ba ne in an sha kashi ma ba a san da shi ba. Akwai wani yaro a wurina, siriri ne ba ya da surutu, amma Allah ya ba shi ido, kafin a ba da fas ya riga ya tsaya inda za ta bi. Kwanaki a wani wasan unguwanni zazzaɓi ya hana shi zuwa aka ci mu huɗu, mutane suka yi ta zagin ƴan bayana biyu har ɗaya ya yi kuka ya ce ya bar ƙwallo, alhali su ne dai waɗanda aka yi wasa uku ba a ci su ba. Sai da na bi shi har gida na zauna da shi da babansa kafin ya dawo. Abin ya tsaya min a rai sosai.

Mu da muka ga Mena, ƙungiyar ƙasarmu Nijar, ta je kofin Afirka a 2012 da 2013 muna son mu sake gani, kuma ba za a samu irin wannan ɗan wasan a ƙungiyar ƙasa ba in tun a filin unguwa ba wanda ya koya masa aikin ko ya ce masa sannu. Roƙona ga masu rubuta muku shafin wasanni, in za su yi sharhin ƙwallon da aka ci su koma baya da daƙiƙa goma su faɗa mana wa ya bar mai fasin ya ɗaga kai, kuma in lamba shida ya yi aiki a rubuta sunansa, don yaran nan suna karantawa a waya kuma abin da aka yaba shi suke kwaikwayo.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naku mai karatu, daga Garin Malam, Damagaram.