Wasiƙar Shugaban Makaranta ga Iyaye: Daren Kallon Sama na 'Yan Ƙaramar Sakandare (JHS) 2 da 3

Assalamu alaikum iyaye da masu riƙo,

Muna gode muku bisa halartar taron iyaye da malamai da ya gabata. Wanda bai kammala kuɗin zango ba, ofis a buɗe yake har ƙarfe 3 na rana.

Abin da ya sa muka rubuto shi ne fitar da za mu yi da yara a daren Asabar ta ƙarshen watan Musulunci. Takardun izini kaɗan ne suka dawo, kuma labari ya iso mana cewa a Nima da Mamobi wasu na cewa duba za mu koya wa yara. Wannan magana ta ɓata mana rai. Ba sa'ar kowa za a duba ba. Ilimin halittar sama ne, kuma malamin nan Abdurrahman as-Sufi tun shekarar 964 Miladiyya ya rubuta a littafinsa na taurari cewa ya ga wani “ƙaramin gajimare” a sama. Shi za mu je nema.

Gajimaren nan galaksi ne, wato garin taurari guda, sunansa Andromeda. Haskensa yakan yi shekara miliyan 2.5 kafin ya iso idonmu, alhali haske na cin kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya. Sai a 1924 Edwin Hubble ya tabbatar a Amurka cewa yana wajen namu galaksin. Namu kuwa, wanda Zara da Kaza da 'Ya'yanta duk suke ciki, faɗinsa kamar tafiyar haske ta shekara 100,000 ne, taurarinsa sun haura biliyan 100.

Yaranku sun riga sun koyi cewa galaksi ba ya zama yadda yake. Masu murɗaɗɗun hannuwa irin namu suna da iskar gas da ƙura da yawa, shi ya sa har yanzu suke haifar sabbin taurari masu shuɗin haske. Idan biyu irin waɗannan suka haɗu, da wuya taurarin su yi karo saboda tazarar da ke tsakaninsu, amma gas ɗin yakan matsu, a haifi taurari barkatai, sannan ya ƙare. Abin da yakan rage shi ne dunƙulallen galaksi mai siffar ƙwai, cike da tsofaffin taurari jajaye. Manya daga haɗuwar ƙanana suka taso, a tsawon shekara biliyan 13.8 na tarihin sararin samaniya. Andromeda ma tana matsowa gare mu da gudun kusan kilomita 110 a daƙiƙa, amma maganar haɗuwa ta biliyoyin shekaru ce, kada wata kaka ta kwana da fargaba. Galaksi-galaksin kuma ba a warwatse suke daidai wa daida ba. Mu da Andromeda da ƙanana fiye da 50 ƙungiya ɗaya muke, can gaba akwai gungun Virgo mai galaksi sama da 1,000. Gungu-gungun sun jeru kamar kumfar sabulu: suna kan bangon kumfar, tsakiya kuwa fili ne wayam.

Yabo na musamman ga malamin kimiyya, wanda ya sadaukar da yammacinsa yana shirya wannan ba tare da ƙarin ko sidi ɗaya ba. Ya umarci kowane yaro ya yi gwaji biyu a gida, ku taimaka musu. Na farko, faranti biyu masu faɗin santimita 25, a ajiye su da tazarar mita 6: namu galaksin ke nan da Andromeda. Na biyu, balan-balan da ƙananan takardu 6 da za a manna da gam, a hura kaɗan a auna tazara da zare, a ƙara hurawa a sake aunawa. Balan-balan ɗin shi ne sararin samaniya da ke faɗaɗa, takardun su ne galaksi: takardar da ta fi nisa ita ta fi saurin nisanta, abin da Hubble ya nuna ke nan a 1929. Kada a ɗiga da biro maimakon takarda, domin ɗigon zai faɗaɗa tare da robar, galaksi kuwa nauyinsa yana riƙe da shi, ba ya buɗewa.

Mota za ta tashi daga ƙofar makaranta bayan La'asar zuwa wani fili gaba da Dodowa, a yi Magariba da Isha a can. Mun zaɓi ƙarshen wata don farin wata kan dushe Andromeda, mun zaɓi wajen don fitilun Accra su kasance a bayanmu idan muka fuskanci arewa. Kuma dole a yi shi cikin Nuwamba, kafin hazon hunturu ya rufe sama. Ido na buƙatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, hasken waya sau ɗaya kuma ya mayar da aikin baya. Saboda haka ba waya. Kowa ya zo da tocila da aka rufe bakinta da jar leda, da tabarma, da rigar sanyi, da maganin sauro, da takalmi rufaffe. Mai madubin hangen nesa na hannu, mai lamba 7x50 ko 10x50 a jikinsa, ya ara mana. Ku gaya wa yara kada su sa ran launukan da suke gani a hotunan na'urar hangen nesa ta James Webb: Andromeda ɗan tabo ne fari-fari, ya fi fitowa idan an kalli gefensa kaɗan.

Malamai mata uku za su kasance tare da 'yan mata, kuma muna son iyaye biyar su raka mu. Za a dawo ƙarfe 10:30, kowa ya zo ya ɗauki ɗansa da kansa. Yaron da takardarsa ba ta iso ba ranar Laraba, ba zai hau mota ba, ko ɗan wane ne.

Masu makara da safe sun san kansu. Darasin shirin jarrabawar BECE na nan yadda aka saba. Ziyarar cibiyar binciken sama ta Kuntunse, mai faifan mita 32, sai zango na biyu.

Allah Ya yi wa yaranmu albarka.

Wassalam,
Shugaban Makaranta