Wasiƙa daga Gilasgo: yadda na yi da ankon biki

Assalamu alaikum aminina,

Da fatan kana lafiya, kai da iyali da su Mama. Ya zafin Zariya? Mu nan ruwa da iska ne ba dare ba rana.

Ka yi haƙuri da shirun da ka ji na yi, wata hidima ce ta sha min kai. Ka tuna Baturen nan da na ce maka shi ya tarbe ni ranar da na sauka, ya ajiye ni a gidansu har na samu ɗaki? To aurensa ya zo, ya kuma sa ni cikin abokan ango. Ankon kuwa kilt ne, wato siket ɗin nan na mazan Sikotlan mai zane gida-gida da suke kira tatan. Saura sati 3 biki ya faɗa min, kuma fam 200 kacal nake iya cirewa ban taɓa kuɗin haya ba.

Na fara zuwa wurin tela na gaske. Dattijuwa ce, ta zaunar da ni ta yi min bayani. Cikakken kilt yadi 8 na ulu yake ci, kusan duka yana tafiya ne a tattarar baya, kuma da hannu ake ɗinke kowane ninki yadda layukan zanen za su hau kan juna. Ta ce ko yau na ba da awo sai na jira sati 8, kuɗin kuma ya ninka abin da ke aljihuna fiye da sau biyu. Na yi godiya na fito jikina a sanyaye.

Washegari na hau jirgin ƙasa zuwa Edinbara. A titin Royal Mile shagunan 'yan yawon buɗe ido cike suke da masu araha, na yadin roba, marasa nauyi. Na ɗaga ɗaya na ajiye. Wallahi kunya ta kama ni. Mutanen nan ba wasa suke da kayan ba: bayan yaƙin Kuloden a 1746 gwamnatin Birtaniya ta hana mazan yankin tsaunukan Sikotlan sa shi, sai a 1782 aka janye dokar. Mutumin da ya riƙe ni kamar ɗan'uwa, ba zan tsaya kusa da shi ranar aurensa da abin da iska za ta ɗaga ba.

Na yi tunanin haya, amma kusan rabin kuɗina zai tafi a kwana ɗaya, ga bikin kammala karatu na tafe, inda nake so in sake sawa. Wani mai shagon hayar ne ya ce min ai suna sayar da waɗanda suka daina bayarwa, gwanjo dai a takaice, amma ulu ne na ainihi. Dangogi da yawa a nan suna da nasu zanen tatan, amma na dangin ango shagon ba su da shi, sai na ɗauki Black Watch, mai kore da shuɗi da baƙi, wanda kowa zai iya sawa ko ba shi da dangi a nan. Fam 140 na biya. Kwat da 'yar jakar fatar da ake ratayawa a gaba, ƙanin ango ya ara min. Doguwar safa da fil na saya sabbi.

Awon shi ma daban yake da na wando. A kan cibiya ake ɗaure shi, ya sauka zuwa tsakiyar gwiwa. Nan na tsaya, don ka san batun al'aura ba abin sakaci ba ne. Na gwada guda 4 kafin na samu mai ɗan tsawo da ya rufe gwiwar, kuma zan sa gajeren wando a ciki. Na faɗa wa ango dalilina, ya ce hakan ya yi masa. Ƙugun ya ɗan yi min yawa, dattijuwar nan ta matsar da maɗaurin fatar cikin kwana 2, ta ƙi karɓar ko sisi.

Asabar mai zuwa ne bikin, zan turo maka hotuna in Allah ya yarda. Don Allah ka nemo min hula zanna bukar mai kyau, lamba 23, ka ba mai tahowa, ina so in ba angon. Ka gaishe min da Mama, ka ce ta sa ni a addu'a.

Naka amini,
daga Gilasgo