Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Ilimi Kan Ƙungiyoyin Asiri A Jami'o'inmu

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ɗan ƙanena ne ya sa na ɗauki alƙalami. A tsakiyar zangon karatu ya dawo gida da jakarsa, ba hutu, ba yajin aiki. Kwana uku yana zaune a zaure, wayarsa a kashe, in an kawo masa tuwo sai ya taɓa loma biyu ya ture. Da ƙyar ya buɗe baki. Wasu ɗalibai ne suka matsa masa ya shiga ƙungiyarsu, ya ƙi, ya kai ƙara ofishin tsaro na makarantar. Kafin gari ya waye waɗanda ya ambata sun san duk abin da ya faɗa. An kori biyu daga cikinsu daga baya, amma har yau suna shawagi a unguwar da ɗalibai ke haya, shi kuwa yaron da ya yi gaskiya ya rasa shekara guda.

Ka fi ni sanin tarihin abin. A 1952 Wole Soyinka da abokansa shida suka kafa ƙungiyar Pyrates a Ibadan, irin ƙungiyoyin 'yan'uwantaka na ɗalibai, ba da niyyar zubar da jini ba. Daga baya aka yi ta ɓallewa ana kafa wasu, Buccaneers, Black Axe da ta fito daga Jami'ar Benin a 1977, da sauransu, har abin ya koma rantsuwa cikin daji da gatari da bindiga. Ranar 10 ga Yuli, 1999, da asuba, 'yan ƙungiyar asiri suka far wa ɗakunan kwanan ɗalibai a Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, aka kashe ɗalibai 5, cikinsu har da George Iwilade, sakataren ƙungiyar ɗalibai. An dakatar da shugaban jami'ar, an kafa kwamitin bincike, an kai wasu kotu. Har yau ba a hukunta kowa ba.

Ga inda gizo ke saƙar. A 1986, a shari'ar Garba da Jami'ar Maiduguri, Kotun Ƙoli ta soke korar ɗaliban da aka zarga da ɓarna a tarzomar 1983. Kotun ta ce laifuffuka irin su ƙone-ƙone da sata da duka aikin kotu ne, ba na kwamitin ladabtarwa ba. Ta kuma lura cewa mataimakin shugaban jami'ar, wanda ɓarnar ta shafe shi, shi ne ya jagoranci binciken. Ni a ganina hukuncin daidai ne, domin ba a zama mai ƙara kuma alƙali. To amma dubi halin da jami'a ke shiga: in ta kori ɗan ƙungiya kan sara da suka, lauya zai iya kai ta kotu, in ta miƙa shi ga 'yan sanda, ɗalibin da zai ba da shaida yana kwana bene ɗaya da abokan wanda ake tuhuma. Sai kowa ya zaɓi hanya mai sauƙi, a kira taro a sa yara su ɗaga hannu su ce sun tuba, a ɗauki hoto, a watse.

Roƙona, ranka ya daɗe, ma'aikatarka ta zauna da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa da ma'aikatun shari'a na jihohi a shata hanya guda. Abin da ya shafi dokar makaranta kwamiti ya yanke, a ba ɗalibi damar kare kansa. Abin da ya kai ga jini kuwa a miƙa shi ga mai gabatar da ƙara, kuma jami'a ta bi sawun shari'ar har ƙarshe. A sanar da JAMB, hukumar jarrabawar shiga jami'a, sunan duk wanda aka tabbatar wa laifi, kada ya bar wannan jami'a ya ɓulla a waccan.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne mai kai ƙara. A sama masa wurin da zai yi magana sunansa bai fita ba, in ta kama a sauya masa makaranta ba tare da ya koma aji ɗaya ba. Ɗan ƙanena ya ce ko zai koma karatu, ba dai waccan makarantar ba, uwarsa ma ta ce ba ta yarda ba.

Naka,
Wani uba daga Zariya