Wai cacar tseren motoci ta fi ta ƙwallo sauƙin ci?

Malam Edita, assalamu alaikum.

Wani ƙanina ne ya sa na rubuto muku. Kwanaki na tarar da shi ya duƙufa a kan waya ko sallamata bai amsa ba, ashe wai ya bar bet ɗin ƙwallo ya koma na tseren motoci na Formula 1, don a cewarsa can ba wahala, kusan mutum ɗaya ne ke cinyewa kullum. Ni dai caca haramun ce ba sai an faɗa ba, amma tunda yaran nan lissafi suke ji, to mu yi lissafin.

Ga wanda bai sani ba, ana zuba kuɗi ne a kan direban da zai zo na ɗaya, ko wanda zai shiga ukun farko, ko wanda zai fi kowa gudu a gwajin da ake yi kafin ranar tsere ya samu layin gaba. Kowane direba da odd ɗinsa, wato lambar da ake ninka kuɗin da ka zuba da ita in ka ci. Misali in an ba gwani 1.30 ka sa naira 1,000, ribarka 300 ce kacal, in kuwa ya faɗi dubunka ta tafi, sai ka ci sau huɗu a jere kafin ka maida ita, kamfanin ma ai ba wawa ba ne, ya riga ya cire nasa tun a cikin odd ɗin.

Gaskiya ne a 2023 Max Verstappen ya ci tsere 19 cikin 22, har goma a jere. To amma da aka je Singafo na biyar ya zo, Carlos Sainz na Ferrari ya lashe. Wanda ya tattara ribarsa ta baya ya zuba ranar fa?

Kuma mota ce, inji kan buga, taya kan fashe, ruwan sama ya sauko komai ya birkice. A Abu Dhabi 2021 Lewis Hamilton na gaba kamar an gama, sai Nicholas Latifi ya daki bango aka fito da motar da ke rage wa kowa gudu, tazarar ta ɓace, Verstappen ya sa sabbin tayoyi ya wuce shi a zagayen ƙarshe.

Na faɗa wa ƙanin nawa duk wannan, ya yi shiru can ya ce in ranta masa dubu biyu zuwa Litinin. Ban ba shi ba.

Naku,
Wani mai karatu daga Kano