Hankaka na ƙwai, Malam Edita

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Na saurari shirinku na karin magana a daren Laraba, inda wani bawan Allah ya bugo waya ya rantse cewa hankaka ba ya ƙwai, 'ya'yan wasu tsuntsaye yake sacewa, wai shi ya sa ake masa kirari da "mai da ɗan wani naka". Ya ƙara da cewa duk hankakan duniya farin ƙirji gare shi. Allah ya huci zuciyarsa, amma duka biyun bai faɗi daidai ba.

Lokacin da nake yaron mota a hanyar Agadas, mun sha kutsawa cikin duwatsun Azbin har Timiya ɗaukar lemo da rumman. A can na ga hankaka baƙi wuluk, ba ɗigon fari ko ɗaya a jikinsa. Girmansa kusan ɗaya da hankakanmu na gida, wajen santimita 47, sai dai bindinsa dungulmi ne, fukafukansa faffaɗa, idan yana shawagi ka ce ƙaton jemage. Ba ya wahalar da kansa da kaɗa fiffike. Hucin da ke tasowa daga jikin dutse da tsakar rana shi ke ɗaga shi sama, ya yi ta juyi yana wasa da 'yan'uwansa. Ba ya tsandar ci: fara, mushe, dabino, ragowar abincin matafiya, har ƙwayar hatsin da ke cikin kashin dabbobi yakan tone. Na gan shi tsaye a bayan raƙumi yana cire masa kaska, raƙumin ko gezau. Irinsa na nan a tsaunukan Habasha da Yaman da kudancin Saudiyya.

A kogon dutse yake sheƙa, inda ko akuya ba ta iya hawa, macen ta saka ƙwai 2 zuwa 4. Namu na gida ma yana yi, a ƙololuwar dogayen itatuwa ko kan ƙarfen sabis. Nisan wurin ne ya sa ba a gani.

Kirarin nan kuwa yana da tushe, amma an juya laifin. Akwai wani tsuntsu mai tukku da dogon bindi, da ɗigo-ɗigon fari a fukafukai, wanda ba ya gina sheƙa ko kaɗan. Macen takan faki idon hankaka ta ajiye ƙwanta cikin nasa. Ƙwan baƙon ya riga na masu gida ƙyanƙyashewa, hankaka ya yi ta ɗawainiyar ciyar da ɗan da ba nasa ba. Wanda ya hango ɗan tsuntsu marar kama da hankaka a sheƙar hankaka, ai dole ya ce sata ce. Har baƙin hankakan nan na kan dutse bai tsira daga wannan riƙon dole ba.

Yanzu haka akwai sheƙa a kan giginyar bayan gidanmu. Idan mai bugo wayar ya iya hawa, bisimilla, ya zo ya ƙirga da kansa.

Naku,
Mai sauraronku daga wani ƙauye a ƙasar Birnin Kudu, Jihar Jigawa.