Godiya Ga Ma'aikatan Gandun Daji Kan Aikin Tsohuwar Ganuwar Bebeji

Zuwa ga shugaban ofishin gandun daji na yankinmu da duk ma'aikatansa,

Assalamu alaikum.

Yallaɓai, bayan gaisuwa da fatan alheri, na ga ya dace in yi muku godiya a bainar jama'a, tunda aikin da kuka yi wa abin da ya rage na ganuwar garinmu a idon jama'a kuka yi shi.

Da labari ya bazu cewa za a sare itatuwan da suka lulluɓe ganuwa da filin da ke gabanta ta ɓangaren hanyar Zariya, hankalin mutane da yawa ya tashi, kuma suna da gaskiya. A ƙasar da masu gawayi suka ƙarar da daji, zafi na ƙaruwa, ana ta yi mana gargaɗi kan kwararowar hamada, ba ƙaramin abu ba ne a ji ƙarar injin yankan itace a bakin gari. Abin da ya kwantar da hankalinmu shi ne ba da inji kuka fara zuwa ba. Da gwangwanin fenti kuka zo. Kuka gaida hakimi, kuka nemi dagaci da masu unguwanni, sannan kuka bi ganuwar a ƙasa tare da dattawa, ana tsayawa a gindin kowace bishiya ana shawara kafin a shafa mata alama.

A nan ne na ga ilimin aiki. Malamin dajinku ya tuna mana cewa darbejiya baƙuwa ce a ƙasar nan: sai a 1928 aka fara dasa ta a Najeriya, a lardin Borno, shekara 25 ke nan bayan yaƙin 1903 da Turawa, wanda ya sa ake tuna wannan wuri. Bishiyar turare ma baƙuwa ce. Tsuntsaye da jemagu ne suka yi ta zubar da 'ya'yan darbejiya a kan ginin, suka tsiro, saiwoyinsu suka tsattsage ƙasar, ruwan damina ya sami hanyar shiga yana zaizaye ta. Su kuka sare. Kuka, tsamiya, rimi, kanya da ɗorawa kuwa ko reshe ba ku taɓa ba. Wasu daga cikin kukokin nan suna tsaye ranar da aka yi abin, kuma matan da ke tsintar kalwa don daddawa ba su rasa komai ba. Har sarƙaƙiyar da ke cikin ramin ganuwa kuka bari, domin a da da gangan ake barin ƙaya a irin wannan rami ta tare doki da mai ƙasa. Wanda bai san tarihi ba ita zai fara kai wa adda.

Ga yaranmu da ba a gaya wa ba, ga abin da ya faru. Ranar 29 ga Janairu, 1903, Kanar Morland na rundunar Turawan Ingila ya taso daga Zariya da sojoji fiye da 700, da igwa 4 da bindigogi masu ruwa 4, ya nufi Kano. Ranar 1 ga Fabrairu suka iso Bebeji. Mutanen gari suka rufe ƙofa suka ƙi buɗewa. Harsashin igwa ya fasa ƙofar, sarkin garin da wasu manyansa suka rasu a nan, Allah ya jiƙansu. Garuruwan da ke gaba a kan hanya ba su tsaya faɗa ba bayan sun ji labari. Ranar 3 ga wata birnin Kano ya faɗi, Sarki Alu yana Sakkwato, Sarkin Shanu da aka bar wa tsaron gari ya rasa ransa a faɗan. Kowa ya san wannan kashi na biyu. Na farkon, wanda aka yi a ƙofar gidanmu, shi ne ya kusa ɓacewa cikin duhuwa.

Yanzu in mutum ya tsaya a filin ya dubi gari, yana ganin tudun ganuwar a miƙe, yana ganin zurfin ramin, yana kuma ganin yadda fili ya buɗe fetal ba maɓoya. Sai ya gane da idonsa abin da baki ba ya iya bayyanawa: ganuwar da aka gina don mahaya dawakai da 'yan baka, ga ta a gaban igwar da ke harbi daga inda kibiya ba ta kaiwa. Waɗanda suka tsaya bayan ƙofar nan sun ga rundunar tun daga nesa, kuma ba su buɗe ba. Ni dai a ganina wannan kaɗai ya isa a girmama wurin. Ta ƙofofin garin nan ne kuma fatake ke fita a da zuwa Gwanja fataucin goro, kuma a cikinsa aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877.

Akwai ƙananan abubuwa da ba zan tsallake ba. Kun jira har aka gama kaka aka kwashe amfanin gona, don kada itace ya faɗa kan dawar wani. Kututturan da ke jikin ginin ba ku tumɓuke su ba, tunda cire su zai tafi da rabin ƙasar. Kuka yanke su daidai ƙasa, kuka ce za ku riƙa dawowa kuna karye tohon har su mutu. Masu amya an ba su lokaci suka sauke kayansu. Itacen da aka sare bai bi motar kowa zuwa birni ba: masu gonaki suka ɗauki rabonsu, sauran aka kai makarantun allo don wutar karatun dare, miƙaƙƙun kuma aka ware wa masu rufin ɗaki. Mai neman buhun gawayi ya zo, an sallame shi hannu rabbana.

Sannan ga alkawarin dashe. Kun ce da saukar damina za ku kawo 'ya'yan itatuwa daga wurin rainonku a dasa a makarantu, maƙabarta da bakin kasuwa, fiye da adadin da aka sare. Mun riƙe wannan magana, kuma matasan unguwarmu sun ɗauki nauyin shinge da ban ruwa.

Roƙona biyu ne, Yallaɓai. Ku taya mu isar da kuka ga hukuma a kafa allo da Hausa, boko da ajami, mai bayanin abin da ya faru a wurin a 1903. Kuma ku haɗa kai da masu unguwanni a hana ɗibar ƙasar ganuwa don yin bulo, domin yanzu da wurin ya buɗe, amalanke na iya kaiwa har gindinta.

Allah ya saka muku da alheri, ya yi wa zuri'arku albarka.

Naku,
Wani malamin firamare mai ritaya,
Bebeji, Jihar Kano.